Wai don kallon tsuntsaye ka kashe wannan kuɗin?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Waɗanda suka yi ta nemana makon jiya ba su same ni ba, a yi haƙuri, ba girman kai ba ne, wayata ce ba ta kama sabis ba. Na je wasu tsibirai ne da ake kira Sent Kilda, can yamma da Sikotlan cikin tekun Atlantika, kilomita 64 daga tsibiri mafi kusa da ke da gari. Shekara biyu ina ɗaga tafiyar nan, bana dai Allah ya nufa.

Daga Gilasgo na hau bas zuwa tsibirin Skye, na shiga jirgin fito daga Uig zuwa Tarbert a tsibirin Harris, na gangara wani ƙauye mai suna Leverburgh inda ƙananan jiragen ke tashi. Masu jirgin ba sa ba ka rana guda, kwana biyu za su ce ka ware, in ranar farko teku ta ƙi sai a gwada washegari. Haka kuwa aka yi da mu. Rana ta biyu ƙarfe takwas na safe muka tashi, mu goma sha biyu. Ni da wayona na cika ciki da burodi da ƙwai da shayi mai kauri, wai kada yunwa ta kama ni a hanya. Jama'a, ba mu yi minti arba'in ba na dawo da komai. Kusan awa uku ina rungume da bokiti, ga wata tsohuwar Baturiya da ta kai saba'in a gefena tana gatsar tuffa hankali kwance, can sai ta miƙo mini alewar citta ba ta ce uffan ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Alhaji Na-Kwari:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya ƙanina. Ni tambayata ɗaya ce tak: nawa ka kashe?

Baban Hanifa:
Jirgin kaɗai fam ɗari biyu da wani abu, Alhaji. Ban da masauki da bas.

Alhaji Na-Kwari:
Inna lillahi! Ka buga shi a naira kuwa? Kai yanzu ka biya wannan kuɗin don a je a jijjiga ka ka yi amai, sannan ka kalli tsuntsaye? Ka zo bayan gidanmu da damina ka ga belbela da shamuwa kyauta, har fura zan dama maka. Uwargida ta san adadin nan?

Baban Hanifa:
Alhaji bar wannan maganar tukuna, bari na gama labarin.

Babban tsibirin sunansa Hirta, shi ake sauka. Jirgi ba ya matsawa gaɓa, sai a sa ku a ƙaramin kwalekwalen roba. Tun kafin mu tashi aka ce kowa ya zazzage jakarsa ya duba, kada ɓera ya maƙale. Kare ma ba a yarda a je da shi ba. Da ka taka ƙasa abin da za ka fara gani layin gidajen dutse ne guda 16 a jere suna fuskantar teku, yawancinsu ba rufi, ga coci da ɗan ajin makaranta manne da shi. Babu bishiya ko ɗaya a duk tsibirin. Kan tuddai kuma wasu 'yan ɗakunan dutse ne birjik, an rufe samansu da ƙasa da ciyawa, sun haura 1,200 a Hirta kaɗai. Su ne rumbunansu. Ba a liƙe duwatsun da komai ba, don iska ta riƙa ratsawa tana busar da nama da ƙwai da ciyawa, ruwan sama kuma ba ya shiga. A bayan ɗaya daga ciki na fake wa iska na yi sallar azahar da la'asar ƙasaru.

Mutanen garin sun tashi tun ranar 29 ga Agusta, 1930. Su 36 suka rage, su da kansu suka rubuta wa gwamnati takarda a kwashe su. Yanzu masu kula da wurin ne kawai, da masu bincike, da ma'aikatan wata tashar rada ta soja da aka kafa a 1957.

Bayawuri:
Allah sarki. Wannan ya taɓa ni. Kakannina Gungawa ne, a kan gungu cikin Kwara suka zauna, har aka gina madatsar Kainji ruwa ya taso a 1968 aka kwashe su. Kakata har ta rasu in ta ce "gida", wurin da ke ƙarƙashin ruwa take nufi. Su waɗannan ina aka kai su?

Baban Hanifa:
Yawancinsu an kai su wani yanki mai suna Morvern, aka ba mazan aikin gandun daji. Ka ji fa, mutanen da suka tashi ba su taɓa zama gindin bishiya ba, aikin dashen itatuwa aka ba su. An ce ranar tafiya kowane gida an bar Baibul a buɗe da ɗan tsibin hatsi a kan tebur. Ta ƙarshe cikinsu, Rachel Johnson, ta rasu a 2016 tana da shekara 93. Tana 'yar shekara takwas aka fito da su.

Bayawuri:
Su gara su, ko ba komai jikoki za su iya zuwa su dafa bangon ɗakin kakansu. Mu sai dai a nuna maka ruwa da yatsa. Af, a jirgin naku an ba ku rigar ruwa?

Baban Hanifa:
An ba mu. Ba ka shiga kwalekwalen robar nan sai da ita, kuma mutum goma sha biyu aka ce, goma sha biyun ne, ko ɗan uban mai jirgi ne kai.

Bayawuri:
To ka ji. Tun hatsarin jirgin ruwa na Warra a 2021 nake wannan maganar a garinmu, ana ce mini na cika tsoro.

Maman Sadiq:
Yaya, ni abin da ban gane ba, ba bishiya, ba kasuwa, me suke ci?

Baban Hanifa:
Tsuntsaye, Hajiya. Suna ɗan noman sha'ir da dankali, suna da tumaki da shanu, amma abincinsu na gaske tsuntsun teku ne da ƙwansa. Maza ke ɗaura igiya a ƙugu su sauka bangon dutse ba takalmi su kamo. Nama a ci, a sa wa saura gishiri don hunturu, man tsuntsun a zuba a fitila, gashin kuma a biya mai ƙasa haya da shi. Kowace safiya maza su taru a layin gidajen nan su yanke aikin ranar, abin da aka kamo kuma a raba gida-gida.

Har akwai wani dutse da ya leƙa kan teku, ana ba da labarin wai saurayi ba ya samun mata sai ya tsaya a bakinsa da ƙafa ɗaya. Ko gaskiya ne ko tatsuniyar da ake yi wa baƙi ce, na je na gan shi, na kuma gode wa Allah da mu lefe kawai aka ɗora mana.

Alhaji Na-Kwari:
Ai da a ce haka ake yi a Kano da tuni an huta da samarin shaho.

'Yar Nguru:
Alhaji, da girmanka, bari na ɗan kare Yaya, tunda karatuna ke nan. Wurin nan ba bayan gidanku ba ne. Tsuntsayen teku kusan miliyan guda ke taruwa a can lokacin ƙwai, kuma shi kaɗai ne a Birtaniya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya ta fuska biyu, ta halittu a 1986, ta rayuwar mutanen kuma a 2005. Tsuntsun da suke tatsar mai daga jikinsa sunansa fulma. In ka matsa kusa da sheƙarsa sai ya feso maka wani mai daga cikinsa, warinsa ba ya fita daga riga. Kafin 1878 duk Birtaniya a Sent Kilda kaɗai yake ƙwai. Akwai fafin, ɗan gajere mai baki ja da ruwan ɗorawa, wanda ke haƙa rami a ƙasa kamar gafiya ya sa ƙwai ɗaya tak a shekara. Shi ya sa ake tsoron ɓera. Ɓera biyu suka sauka suka hayayyafa, an gama da masu ƙwai a ƙasa. A 2008 da wani jirgin kamun kifi ya daki dutse a Hirta, abin da ya fi tayar wa masu kula da wurin hankali bayan an ceto mutanen shi ne ko akwai ɓeraye a ciki.

Kuma ba baƙinmu ba ne gaba ɗaya. 'Ya'yan ganet, wani babban farin tsuntsun teku, in sun tashi, wasunsu har gaɓar Senegal da Muritaniya suke kaiwa. Akwai ma wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin gindi da ke ƙwai cikin katangun dutsen can, irinsa ne muke gani a filayenmu da hunturu yana tsalle daga wannan dutse zuwa wancan.

Baban Hanifa:
Yauwa Anti, gara da kika zo. Wane ne wannan mugun tsuntsun mai ruwan ƙasa da ya kusa cire mini kai?

'Yar Nguru:
Hahaha, ka haɗu da sikuwa ke nan. Can bonksi suke ce masa. Ka bi ta kusa da sheƙarsa ko?

Baban Hanifa:
Ni ina na san da sheƙa? Awa huɗu da rabi aka ba mu, na ce sai na hau Conachair, ƙololuwar tsibirin, mita 430. Daga ƙauyen ka fara haurawa zuwa wani wuri da suke kira Gap. Tudu ne na ciyawa, kana tafiya kana haki kamar hawan Dala, kawai sai ƙasa ta ƙare. Babu shinge, babu allo. Na kwanta rub da ciki na leƙa, tsuntsaye na shawagi a ƙarƙashina kamar an watsa takardu, teku kuma can ƙasa ba ka ko jin ƙararta sosai. Ta gefen Conachair bangon ya kai mita 427 a miƙe, duk Birtaniya ba wanda ya kai shi. Mai kula da wurin ta riga ta gargaɗe mu kada mu sa wandon leda na ruwan sama kusa da baki, wai in ka zame a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da shi, ba abin da zai tsayar da kai.

Daga nan na kama hawan gaske. Ban ankara ba na ji fuuu a kan kunnena. Kafin na juya na biyu ya taho daidai goshina, ido cikin ido, girmansa ya kusa na shaho. Na duƙa, na uku ya daki hulata da ƙafa, iska ta ƙarasa aikin. Ina kallo hular nan ta gangara ta tafi Amurka. Sai na ga tsohuwar nan ta jirgi tana tahowa ta ɗaga sandarta sama da kanta, suna kai wa sandar hari ita kuwa ko a jikinta. Ashe abin da ya fi tsawo suke duka. Haka na ƙarasa hawan hannu ɗaya a sama kamar ɗan firamare mai son ba da amsa. Ina isa ƙoli hazo ya rufe, ko tafin hannuna da ƙyar nake gani. Minti ashirin na zauna ban motsa ba, ina ta hasbunallahu, sannan ya yaye.

'Yar Nguru:
Ka yi daidai da ka zauna. Kuma ka yi musu uzuri, murar tsuntsaye ta 2021 da 2022 ta kashe su da yawa a can. Ƙidayar da aka yi a 2023 ma ta nuna masu sheƙa a bangon dutse, irin su fulma, sun ragu da fiye da rabi in aka gwada da 1999. Abincinsu a teku ne ke raguwa.

Jauro:
Ni duk ban ji wannan ba. Ka ce mutane sun tashi tun 1930. A hoton da ka turo na ga tumaki. Na wa ne? Wa ke kiwon su?

Baban Hanifa:
Ba na kowa ba ne, Jauro. Ƙanana ne masu ruwan ƙasa, ka ce akuyoyi, ragonsu bai kai rabin balami ba. Ba a yi musu aski, gashin da kansa yake zuba. Gaskiya dai, cikin rumbunan dutsen nan na leƙa na ga mushe har uku. Da sanyi suke shiga su fake, wasu ba sa fitowa.

'Yar Nguru:
Tumakin Soay ne, tsohon iri ne ƙwarai, sun yi dubban shekaru a ƙaramin tsibirin da ke gefe mai wannan suna. A 1932 aka ɗebo 107 aka sake su a Hirta. Tun 1985 masana ke bin su, ana sa musu alama a kunne, ana auna su, an san uwar kowa. Ba kura, ba dila, sai su yi ta haihuwa har su fi ƙarfin ciyawar, sai wani hunturu mai tsanani ya zo fiye da rabi su mutu, a sake farawa.

Jauro:
Tsaya ƙanwata. Mutum ne ya ɗauko su da hannunsa ya kai su can. Mutum yana zuwa ya kama su ya huda musu kunne ya ɗora a sikeli. Amma in yunwa ta zo sai ya koma gefe da biro da takarda yana ƙirga gawa? Wannan ba ilimi ba ne, rashin imani ne. Mu da muka tashi a ruga, in rani ya yi tsanani ko ka tashi da dabba ka nemi ciyawa, ko ka sayar, ko ka yanka. Ba ka zuba mata ido. Kun manta matar da aka ce ta shiga wuta saboda kyanwa? Ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Tsibiri ai ɗaki ne, ruwa ne ƙofar.

Malam Shugaban Zaure:
Jauro, hujjarka tana da ƙarfi, amma a yi hattara da ƙiyasi. Matar nan ita ta kulle kyanwar, hakkin yana wuyanta. Waɗanda suka kai tumakin nan sun mutu tuntuni, kuma tumakin sun yi shekara casa'in suna rayuwa irin ta namun daji. Barewa ma tana mutuwa da fari a daji, ba mu ce wani ya yi zunubi ba.

Jauro:
Allah gafarta Malam, barewa ba a sa mata ɗan kunne mai lamba. Ranar da ka sa wa dabba shaida, ka ce taka ce.

'Yar Nguru:
Kawu Jauro, ba kai kaɗai ba ne, akwai likitocin dabbobi a Sikotlan da suka ɗaga irin wannan ƙorafin, hukuma kuma tana kallonsu a matsayin na daji. Amma ka duba, in aka kai musu harawa, waɗanda da za su mutu sai su rayu su haihu, baɗi bakin ya ƙaru, ciyawar kuma ba ta ƙaru ba. Ƙarshenta sai an rage su da hannu. Ga shi ba sa tafiya garke guda, in ka kora su watsewa suke yi, kowa ya kama bangon dutse.

Jauro:
To a rage mana! A yanka a ba mabuƙata. Wuƙa ta fi yunwa sauƙi. Ki tambayi duk wanda ya taɓa ganin saniya ta kwanta ta kasa tashi.

'Yar Nguru:
Ban ce ka yi kuskure ba. Sai dai da zarar an fara zaɓen wanda za a yanka, binciken shekara kusan arba'in ya tashi daga aiki, don amfaninsa shi ne ba hannun mutum a cikin wa zai rayu. Ni kaina abin yana damuna, ba zan ɓoye ba.

Alhaji Na-Kwari:
Yanzu kuka zo inda nake ganewa. Raguna ba mai su, ga layya na tafe. Ƙanina, jirgin nan zai ɗauki kai nawa?

Maman Sadiq:
Alhaji kai dai ba ka rabo da ciniki. Yaya, a hoto na huɗu na ga maƙabarta mai zagayen katanga, duwatsun ƙanana-ƙanana. Na yara ne?

Baban Hanifa:
Da yawansu. A ɗan gidan tarihin da aka yi cikin ɗaya daga gidajen na karanta cewa a ƙarni na 19 akwai lokacin da cikin jarirai goma, wajen takwas ke mutuwa. Ciwon kwana takwas suke ce masa. Yaro ya daina kama nono, baki ya ƙulle, jiki ya sandare.

Maman Sadiq:
Sarƙe-haƙora ke nan, ba ko tantama. Shekara goma sha ɗaya ina karɓar haihuwa, na san shi farin sani. Ta cibiya yake shiga. Me suke shafa wa cibiyar?

Baban Hanifa:
Ana zargin man fulmar nan ne, ko kuma ƙazantar abin da ake yankawa da shi. Sai a shekarun 1890 abin ya tsaya, bayan an koya musu tsaftar cibiya.

Maman Sadiq:
Kun ji ko. Mu har gobe ana kawo mana jariri an yanke cibiya da tsohuwar reza, an shafa toka ko man goge baki, kaka ta ce haka aka yi wa ubansa. Ga rigakafi kyauta a wurin awo, a yi wa uwa allura tun tana da ciki, amma sai an yi ta roƙo. Wallahi hoton nan zan nuna wa matan unguwarmu.

Baban Hanifa:
Alhaji, saura abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba. A hanyar dawowa aka zagaya da mu tsibirin Boreray da wasu duwatsu biyu da suka fito daga cikin teku tsaye kamar haƙora, Stac Lee mita 172, Stac an Armin mita 196. Daga nesa na ɗauka ƙanƙara ce a kansu. Ashe ganet ne, dubbai a kan dubbai, kowa a kan ƙwansa. Mai jirgi ya rage wuta muka shiga ƙarƙashinsu. Sama ta yi duhu da fukafukai, ƙara kamar Kwari ana jibi salla, ga warin kashinsu har cikin maƙogwaro. Fukafukinsa in ya buɗe ya kusa tsawon mutum, sai ka ga ya naɗe su ya faɗo ruwa kamar mashi, ya fito da kifi. Na manta da amai, na manta da hula. Ni da na saba karanta ayar tsuntsaye masu buɗe fukafukai a sama ba mai riƙe su sai Mai rahama, ranar na ji ta a jikina.

A kan Stac an Armin ɗin nan, a 1727, maza uku da yara takwas suka je kamun tsuntsu, annoba ta shiga gari ba wanda ya rage da zai tuƙo jirgi ya ɗauko su. Wata tara suka yi a kan dutsen nan, kuma suka rayu. Na kalle shi da kyau, ban ga inda mutum zai shimfiɗa tabarma ba.

'Yar Nguru:
A kansa ne kuma wajen 1840 suka kama wani babban tsuntsu da ba ya tashi, suka ɗaure shi kwana uku, guguwa ta taso, suka ce maye ne suka kashe shi. Shi ne na ƙarshe irinsa da aka gani a Birtaniya, 'yan shekaru bayan nan ya ƙare a duniya baki ɗaya.

Alhaji Na-Kwari:
Ashe su ma suna kama maita. To shi ke nan, na sassauta. Amma ni ko kyauta ba zan hau ruwan awa uku ba, Tiga ma daga gaɓa nake gaishe ta.

Jauro:
Ni ban sassauta ba. Ƙanwata, in kin haɗu da masu ƙirgar nan ki ce wani Bafulatani yana gaishe su, kuma yana tambaya ko suna iya barci.

Bayawuri:
Baban Hanifa, in za ka koma baɗi ka sa da ni. Wane wata ya fi?

Baban Hanifa:
Yuni ko farkon Yuli, kafin fafin su koma teku. Sai dai ka shirya, magariba sai wajen goma da rabi na dare, asuba kuma tana kan dugaduganta. Ka zo da takalmi mai kama ƙasa, da sanda, da abincinka. Kuma kada ka karya da ƙwai.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Yanzu na gama karantawa tun daga sama. Ni dai ce mini aka yi "ɗan abu kaɗan ne". Sannan hular da ta tafi Amurka, wadda na yi sati uku ina saƙawa ce, ko wata?